Layukan Frame Relay suna aiki, amma OSPF ya ƙi koyon hanyoyi tsakanin rassa

Tambaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Ina kula da wata hanyar sadarwa ta Frame Relay, wato tsarin haɗa ofisoshi masu nisa ta layukan kamfanin sadarwa, mai cibiya ɗaya da rassa biyu, dukkansu a kan rautocin Cisco. Cibiyar tana da adireshi 10.1.1.1 a kan kafar Serial0/0, reshe na farko yana da 10.1.1.2, na biyu kuma 10.1.1.3, duk a rukunin adireshi ɗaya. Babu layi kai tsaye tsakanin rassan biyu; kowanne yana da PVC ɗaya ne, wato layin haɗi na dindindin da kamfanin sadarwa ya tsara, zuwa cibiya, kuma a cibiyar lambobin DLCI, waɗanda ke bambanta layukan PVC, su ne 102 da 103. An rubuta taswirar adireshi, wadda ke haɗa kowane adireshi da lambar DLCI ɗinsa, da hannu da umarnin frame-relay map.

Daga cibiya saƙon gwaji na ping yana isa kowane reshe, kuma show frame-relay pvc yana nuna ACTIVE a layukan biyu. Sai dai da na kunna OSPF, tsarin da rautoci ke koyon hanyoyi daga juna da shi, umarnin show ip ospf neighbor bai nuna ko maƙwabci ɗaya ba, rassan kuma ba sa jin juna ko kaɗan. Ta ina ya kamata in fara bincike?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda PVC yana ACTIVE kuma ping yana wucewa, to LMI, wato musayar saƙonnin halin layi tsakaninka da suwic na kamfanin sadarwa, lafiya yake, ba sai ka ɓata lokaci a can ba. Da ka ga INACTIVE ne, da sai mu ce matsalar tana ɗaya ƙarshen layin. Da DELETED ne kuwa, da lambar DLCI da ka saka ce suwic bai san da ita ba.

Abin da ke faruwa shi ne, OSPF yana ɗaukar babbar kafar Frame Relay a matsayin non-broadcast tun daga farko, wato ba ya aika gaisuwar hello zuwa adireshin rukuni na 224.0.0.5 kamar yadda yake yi a Ethernet. Yana zaune ne yana jiran a gaya masa su wane ne maƙwabtansa. Saboda haka, a cibiya, ƙarƙashin router ospf, ka rubuta neighbor 10.1.1.2 da neighbor 10.1.1.3. Ba dole ba ne ka maimaita wannan a rassa, domin da zarar gaisuwar cibiya ta iso musu za su amsa.

Akwai abu na biyu da yake da muhimmanci ƙwarai. Nau'in non-broadcast yana zaɓen DR, wato rauta mai jagorantar sauran, kuma aikin DR shi ne ya karɓi labarin hanyoyi daga kowa ya rarraba wa kowa. Idan reshe ya ci zaɓen, alhali ba shi da layi zuwa ɗaya reshen, teburin hanyoyi zai fito da giɓi, wasu hanyoyin su bayyana wasu su ɓace. Ka sa ip ospf priority 0 a kafar kowane reshe domin cibiya kaɗai ta cancanci zama DR. Kada ka yi gaggawar yanke hukunci bayan gyaran: a nan ana aika hello ne duk daƙiƙa 30, kuma rauta yana jiran daƙiƙa 120 kafin ya kammala zaɓe.

Mai tambaya

Na gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Yanzu maƙwabtan biyu suna FULL, wato maƙwabtakar ta kammala, kuma reshe na farko yana ganin hanyar zuwa kwamfutocin reshe na biyu a teburinsa. Amma har yanzu ping daga wannan reshe zuwa wancan ba ya isa. Yaya hanya za ta kasance a tebur amma fakiti ya kasa bin ta?

Amsa ta biyu

Ɗan'uwa, ka sake duba wannan hanyar da show ip route, ka lura da adireshin zango na gaba. Za ka tarar 10.1.1.3 ne aka rubuta, ba adireshin cibiya ba. OSPF a wannan yanayi yana zaton duk wanda ke cikin rukunin adireshi ɗaya yana iya kaiwa ga kowa kai tsaye, shi ya sa cibiya ba ta maye gurbin zangon da nata adireshin. Shi kuwa reshe na farko, idan ya zo aika fakiti, sai ya nemi DLCI da ke kaiwa ga 10.1.1.3 a taswirarsa, ya rasa, ya zubar da fakitin tun bai fita ba. Umarnin show frame-relay map zai tabbatar maka da haka. Inverse ARP, mai cike taswira da kansa, shi ma ba zai cike wannan giɓin ba, domin adireshin wanda ke ɗaya ƙarshen PVC kaɗai yake ganowa.

Gyara mafi sauri shi ne ka ƙara taswira a kowane reshe wadda ke nuna adireshin ɗaya reshen ta kan DLCI ɗin da ke zuwa cibiya. Dole a yi a ɓangarorin biyu, in ba haka ba fakiti zai je amma amsarsa ba za ta dawo ba.

Ni dai ban cika son wannan gyaran ba, domin duk reshen da aka ƙara nan gaba sai an zagaya sauran an ƙara musu layi. Na fi son ip ospf network point-to-multipoint a dukkan rautocin uku. A wannan nau'in babu zaɓen DR, babu buƙatar umarnin neighbor, kowane rauta yana sanar da adireshin kafarsa a matsayin hanya ta /32, wato ta adireshi ɗaya tak, kuma zango na gaba yana komawa cibiya. Sharaɗinsa shi ne taswirar da ke tsakanin cibiya da reshe ta ƙare da kalmar broadcast, saboda yanzu gaisuwar ta koma ta rukuni, kuma taswirar da aka rubuta da hannu ba ta ɗaukar irin wannan saƙo sai an ba ta izini.

Amsa ta uku

Bayanin malaman biyu daidai ne, amma idan kana da damar sake rabon adireshi, shawarata ita ce ka raba kafar cibiya zuwa ƙananan kafofi na point-to-point, kowane PVC da nasa rukunin /30 mai ɗaukar na'urori biyu, ka ɗaura lambar DLCI da frame-relay interface-dlci. Da haka batun taswira, da DR, da zango na gaba duk sun kau. Wata fa'idar kuma ita ce, idan LMI ya sanar cewa PVC ya faɗi, ƙaramar kafar tana faɗuwa tare da shi, OSPF ya janye hanyar nan take, ba sai ya jira daƙiƙa 120 ba. Ko da wata rana ka koma EIGRP, wani tsarin koyon hanyoyi dabam, raba kafar zai raba ka da matsalar split horizon, wadda ke hana cibiya mayar da labarin hanya ta kafar da ta ji shi.

Ka kiyaye abu ɗaya lokacin sauyawa. Point-to-point yana aika hello duk daƙiƙa 10 da wa'adin daƙiƙa 40 kafin a ɗauka maƙwabci ya ɓace, alhali babbar kafar reshe tana nan a kan 30 da 120, kuma OSPF ba ya ƙulla maƙwabtaka idan waɗannan lambobi suka saɓa. Don haka ka sa ip ospf network point-to-point a rassan su ma. Idan bayan haka maƙwabci ya maƙale a EXSTART, wato matakin fara musayar bayanan hanyoyi, ka kwatanta MTU, wato iyakar girman fakiti, na ɓangarorin biyu kafin ka zargi wani abu dabam.

Mai tambaya

Na zaɓi point-to-multipoint a yanzu, tunda sauya adireshi yana buƙatar a tsayar da aiki. Na ƙara broadcast a taswirar cibiya da ta rassa, na cire umarnin neighbor, kuma traceroute, mai jero zangunan da fakiti ya bi, daga reshe na farko yana nuna 10.1.1.1 sannan 10.1.1.3. Ƙananan kafofin sai lokacin da za a haɗa reshe na uku. Na gode muku duka.