An sallame ta kwana biyu bayan CS (tiyatar haihuwa), daidai ne kuwa?

Ummu_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ma'aikatan lafiya ku taimaka. Ƙanwata aka yi wa CS ranar Litinin, Laraba da yamma wai ta tafi gida, Mama duk hankalinta ya tashi tana cewa gadon kawai suke so su ba wata. Saurin sallama alama ce aiki ya yi kyau ko kora ce?

Nas_ɗin_tiyata:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya raya. Kwana 2 zuwa 4 bayan CS ba wani abu ba ne in dai tana takawa da ƙafarta, tana cin abinci, fitsari na fita, ba zazzaɓi. Tun shekarun 1990 wani likita ɗan Denmark, Henrik Kehlet, ya nuna tashi da wuri da cin abinci da wuri sun fi saurin warkarwa, doguwar kwanciya ita ke jawo daskarewar jini a ƙafa ga kuma cututtukan da ake kwasa a asibitin kansa. Amma kwanakin kaɗai ba sa hukunci, sai an duba ko mutum ya dawo gado cikin kwana 30.

Ɗan_Fagge:
A Amurka ma haka suke aunawa, tun 2012 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatinsu, ke zabtare wa asibiti kuɗi, yanzu har kashi 3 cikin 100, in masu dawowa sun yi yawa, har da waɗanda aka canza wa gwiwa ko ƙugu.

Baban_Sadiq:
Malam wannan lissafin nasu ne, a nan ba zai zauna ba wallahi. Wadda ɗinkinta ya yi ruwa a ƙauye wa zai biya mata kuɗin mota da sabon kati? Kemis za a kai ta ko wani asibitin daban, na farkon kuma littafinsu ya nuna ba ta dawo ba, a ce sun iya aiki. Haka mai kwana goma a gado, wata ta warke tuntuni bil ne ba a biya ba aka riƙe ta.

Nas_ɗin_tiyata:
Gaskiyarka Baban Sadiq. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a Afirka har kashi 20 cikin 100 na masu CS ciwon na kamuwa da ƙwayar cuta, yawanci kuma sai an koma gida yake bayyana. Maman Hanif ku sa ido, zazzaɓi, mugunya ko wari a ɗinki, jini mai yawa, kumburin ƙafa ɗaya, ciwon kai mai tsanani, ko ɗaya kuka gani ku koma inda aka yi aikin. Kuma ki lallaɓa Mama kar a gasa wurin da ruwan jego.