Shin "agree with" na mutum ne kaɗai?

Malamin Turanci: Jama'a, ni dai ina kan ƙa'idar da aka saba koyarwa: "agree with" mutum yake bi, "agree to" kuma abu. Ka ce "I agree with you", amma "I agree to the plan". Tana da sauƙin riƙewa, kuma tana hana yara rubuta "I agree to you".

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, ƙa'idar nan da gyara. "I agree with the plan" daidai ne, "I agree to the plan" ma daidai ne, ma'anarsu ce ta bambanta. Na farko ra'ayi ne, wato shirin ya kwanta mini a rai. Na biyu amincewa ce, na ba da izini a aiwatar ko da raina bai so ba. Mutum kan sa hannu a takardar kwangila sannan ya ce "I agreed to the terms, but I don't agree with them". Sharuɗɗan sun hau kansa, amma bai gamsu da su ba. Kalmarmu "yarda" ta haɗe ma'anonin biyu, nan ne muke tuntuɓe.

Akanta: Kun bar ma'ana ta uku, wadda babu mutum a cikinta sam. Idan jimillar rasit ta nuna 4,500, littafin kuɗi ya nuna 4,050, sai a ce "the two totals do not agree". Wanda ya fassara wannan da "ba su yarda ba" ya ɓata rahoto. Lamba ba ta yarda, ba ta ƙi. Ko ta zo ɗaya da 'yar'uwarta ko ta saɓa. Haka "his statement agrees with the evidence", bayaninsa ya yi daidai da hujjojin. Ga "with", ga abu a gaba, ga abu a baya.

Malamar nahawu: Malam, ai ko a littafin da kake koyarwa da shi akwai "the verb agrees with its subject", kuma aikatau ba mutum ba ne. Kalmar "agree" ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, tushenta kalmar Latin "gratus", abin da ke faranta rai. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta a "the medicine doesn't agree with me". Mu sai mu ce maganin bai karɓe ni ba. Duba da kyau, a nan abu ne ke aikin, mutum ne a bayan "with".

Malamin Turanci: Na karɓi gyara, Malama, amma ban saki gaba ɗaya ba. Har yanzu ba wanda ya kawo mini jimla mai kyau da "agree to" ya bi mutum kai tsaye. Rabin ƙa'idata na nan daram. To ina "on" ya shiga?

Edita: Wannan rabin naka ne, Malam. Shi "agree on" na mutum biyu ne ko fiye da suka tattauna suka tsayar da magana: "they agreed on a date". A Ingila sukan yar da "on" ɗin su ce "they agreed a price", Amurkawa kuwa sun fi barinsa. Kurakuran da suka fi ɓata rubutu ma wasu ne. "I am agree" ba Turanci ba ne, don kalmar aikatau ce, ba ta neman "am". Waɗanda suka fara da Faransanci ne suka fi faɗa masa, saboda "je suis d'accord". Sai "he did not agree me to go", wanda "bai yarda in tafi ba" ne aka juye kalma da kalma. A rubuta "he did not allow me to go".

Malamar nahawu: A ƙara da wannan: in aikatau zai biyo baya, "to" ake sawa. "She agreed to come", ba "she agreed coming" ba.