Liyafar ofis a gastropub mai girkin Asiya: me zan ci, nawa zan riƙe?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na fara aiki a Landan. Ranar Juma'a za a yi wa shugabarmu liyafar bankwana a wani gastropub, wato irin mashayar nan da ake girki na gaske, kuma an ce abincinsu salon Asiya ne. Zuwa kam na riga na amsa. Me zan ci hankalina kwance, kuma nawa zan riƙe?

Dattijo: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki je. Mashaya mashaya ce, ko da wane suna aka kira ta.

Uwar Biyu: Baba, ai na ce na riga na amsa.

Mai Gemu: Hajiya, ni ya faru da ni. Na nemi ramen, wato taliyar Japan mai romo, na tambayi yarinyar da ke kawo abinci ko kaza ce, ta ce eh. Kazar na sama kuwa, amma romon tonkotsu ne. Sai da na koma gida na duba, ashe ƙashin alade ake dafawa sa'o'i har romon ya yi fari. Kwana biyu ko shayi ba ya min daɗi. Bai ishe ni ba, aka kawo lissafi aka ce a raba daidai. Ni da na sha lemo ɗaya na biya fam 58, har da kuɗin giyar mutane. Wanda ya kawo shawarar rabon, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ƙanwar Kowa: Fam 58? Ni 25 na kashe, har da kayan zaƙi.

Mai Gemu: A Landan?

Ƙanwar Kowa: A'a, Bradford.

Tsohon Kuku: Shekara uku na yi a kicin irin wannan. Kada ki ce "akwai alade?" kawai. Dokar Birtaniya abubuwa 14 masu tada borin jiki ta tilasta a bayyana, irin su gyaɗa, riɗi da waken soya, babu alade a ciki. Ki tambayi romo, ki tambayi ko an zuba "mirin" ko "sake" a miyar teriyaki, duk nau'in giyar shinkafa ne. Kifin da aka soya ma, sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullinsa. Char siu alade ne. Gasasshen kifi da farar shinkafa, miya a gefe, ya fi sauƙi.

Dattijo: Yanzu wanda ya yi aiki a mashaya ne zai ba mu fatawa?

Tsohon Kuku: Baba, ba fatawa na bayar ba, abin da ke cikin tukunya na faɗa.

Sarkin Zolaya: Ni sandunan cin abincin nan ne suka kunyata ni. Rigata ta fi ni ƙoshi a daren.

Mai Gemu: Kuma ku duba ƙasan takardar, za ku ga sun ɗora kashi 12.5 na hidima.

Ƙanwar Kowa: In an rubuta na ganin dama ne, kana iya cewa a cire.

Tsohon Kuku: Don Allah ku bar shi. Tun Oktoban 2024 doka ta ce ma'aikata za a ba kuɗin duka. A zamanina rabinsa ma ban san inda yake shiga ba.

Mai Gemu: To wadda ta ba ni romon alade zan yi wa kyauta?

Uwar Biyu: Jama'a, nawa zan riƙe?