Sumo ya ƙone a gidan haya, wa ke da alhakin gyara?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu muke haya a wani gida a Mabera, shekarata uku, ban taɓa jinkirin biya ba, ko fenti ni na yi da kuɗina. Sati biyu ke nan sumon bohal, injin da ke jawo ruwa, ya ƙone, ga zafin Afrilu, kullum sai mun sayi ruwan 'yan garuwa. Ejan ya ce mu haɗa naira 180,000, mai gida kuma ba ya ɗaukar waya. Don Allah mi zan yi?

Malam Buhari: Wa alaikumus salam Hajiya. Mi takardar yarjejeniya ta ce? Abin da anka saba: kan famfo, kwan lantarki, makulli, na ɗan haya ne. Rufi, bohal, tanki, sokawe, na mai gida. Amma kafin a yi maganar kuɗi, a kira mai gyara ya buɗe akwatin kunnawa. Sau da yawa kwandensa, 'yar na'urar da ke tada sumon, ita ce ke mutuwa saboda raunin wuta, ita kuwa ba ta da tsada. In ko ruwa ya ja ƙasa a bazara anka bar shi yana juyawa ba ruwa har ya ƙone, sakacin mai kunnawa ne, nan ejan na da hujja.

Abu Hafsat: Ejan dai sun iya karɓar kashi goma, ranar gyara sai a neme su a rasa. Ku gyara ku cire a kuɗin haya.

Malam Buhari: A'a. Cirewa ba da rubutaccen izini ba, bashin haya za a rubuta mata. Ki tura wa ejan saƙo a rubuce, da hoton sumon da takardar farashin mai gyara, ki nemi amincewar mai gida, ki ajiye rasit.

Malam Nasiru: A fiƙihun Malikiyya ba a tilasta mai gida gyara, amma in ɓarnar na cutarwa, ɗan haya na da zaɓin warware haya.

Maman Sadik: Malam, tashi ba zai yiwu ba, makarantar yara na kusa. Takardar yarjejeniyar kuma ban karanta ba, amana ce, ɗan unguwarmu ne ejan. Na riga na ba shi 45,000 jiya.

Malam Buhari: Ya ba ki rasit, Hajiya?

Maman Sadik: Ai ba ma haka da shi.