Ta yaya sojoji ke aika saƙo daga inda babu sabis?

Ɗan Gwaram: Malamai, mu a ƙauyenmu sai mun hau tudu muke samun sabis. To, ta yaya sojojin da ke tsakiyar daji suke magana da hedikwatarsu?

Malamin Ringim: Ɗana, ba su dogara da turakun kamfanonin waya ba. Na'urarsu tana harba saƙon a ɓoye zuwa tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000, wanda yake tafiya daidai da juyawar duniya, shi kuma ya sauko da shi hedikwata.

Hajiya daga Kazaure: Gaskiya ne, Malam, sai dai irin wannan tauraron ba ya kaiwa can ƙuryar arewacin Rasha sosai, shi ya sa Tarayyar Sobiyet ta fara harba Molniya, wasu taurarin ɗan'adam na sadarwa da ke bi ta saman yankin arewa, a 1965.