Neman kalma: launin ganyen kaka da shingen karkarar Amurka

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta bayanin da za a sa ƙarƙashin wasu hotuna na karkarar jihar Vermont a Amurka, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya. Hoton ga yadda yake: tudu cike da itatuwa, wasu ja wur, wasu ruwan ɗorawa, wasu ruwan goro, ga wani tsohon shingen itace ya taso daga kusurwar hoton yana karkace-karkace har ya shige cikin hazo. Masu abin suna ce wa sauyin launin "fall foliage", shingen kuma "split-rail fence". Ba na son in ajiye su da Turanci a tsakiyar rubutun Hausa. Lokacin dai ina ganin kaka ce, domin daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba abin ke kai maƙura a can, su ma kuma lokacin girbinsu ke nan.

Wani malamin Hausa:
Wa'alaikumus salam. Kaka ta zauna daram, kada ka ji masu cewa bazara. Bazara zafi ce da jiran ruwa, ba ta da haɗi da wannan. Shi kuwa launin, ni sai in ce "rinin kaka". Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata ya ga farin ƙyalle ya shiga ya fito da wata kama, zai gane nufin nan take.

Mai tambaya:
Malam, wallahi kalmar ta yi mini daɗi a kunne, har na rubuta ta. Abu ɗaya ne ya tsayar da ni. Marini daga waje yake kawo launi ya ɗora wa ƙyalle, ganye kuwa ba haka yake yi ba. Ruwan ɗorawar nan yana cikinsa tun yana ɗanye, koren ne ya rufe shi. Idan yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, itacen yakan daina ƙera sinadarin da ke ba ganye kore, ya janye abin amfanin da ke cikinsa zuwa rassa da saiwa don ajiya. Da koren ya kau sai na ƙarƙashi ya bayyana. Jan ne kawai sabo, shi ma daga sukarin da ya taru a ganyen ake yin sa, shi ya sa itacen maple, mai ganyen nan na tutar Kanada, ya fi yin ja a shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi. Idan muka ce rini, yaron da ya karanta zai ɗauka wani abu ne ke sauka a kan ganyen.

Wani manomi daga Maraɗi:
Ɗan uwa, abin da ka bayyana ai nuna ce. Ayaba haka take yi, mangwaro haka, barkono ma daga kore yake komawa ja. Mu idan ganyen taba ko na wake ya juya muna cewa ya nuna. Me ya hana a ce "nunar ganye"?

Mai tambaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Abin da ke faruwa a ɓawon ayaba shi ne ke faruwa a ganyen: kore ya tafi, ruwan ɗorawa ya fito. Kuma nuna tana ɗauke da abin da mai hoto ya fi kowa sani, wato gajeren lokaci. Abin da ya nuna ba ya jira. Mako ɗaya ko biyu tudun ke kan ganiyarsa, iska mai ƙarfi ɗaya da ruwa ta kakkaɓe shi, sai rassa tsirara. Wannan ne ke sa jama'a yin tururuwa da kyamarori, har ta kai a 2023 garin Pomfret na Vermont ɗin ya rufe hanyar Cloudland ga baƙi na kusan mako uku, saboda masu ɗaukar hoton wata gona sun hana mazauna wurin sakat. Kalmar ma tana ba mu damar yin magana yadda muka saba: ganye ya fara nuna, ya nuna sosai, ya wuce nuna.

Malamin Hausa:
Na amince, ta fi tawa. Sai dai a kula da rubutu, "nunar ganye" da r, kada wani ya karanta kamar ana nuna wa mutum ganye da yatsa.

Wata ɗaliba da ke karatu a can:
Yaya, ni da nake gani da idona, "nuna" ta dace. Ƙarin bayani ga mai son hoton: rana tsaka ba ta yi, ƙyalli ne ke cinye launin. Ranar da gari ya lumshe, ko bayan yayyafi da sassafe, ita ce ganyen ke fitowa da kyau, itacen shingen kuma ya jiƙe ya yi duhu, sai jan ya ƙara tashi a bayansa. Kuma a durƙusa kusa da shingen, a bar shi ya ja idon mai kallo zuwa cikin hoton. To shi wane suna kuka ba shi? Danga?

Mai tambaya:
Ƙanwata, danga ta kara ce, darni ma haka, ana kafa su ne don a tsare ido. Wannan kuwa ana hango komai ta cikinsa, dabba kawai yake tarewa. Gungume ake tsagawa a tsaye da gatari da tsinken ƙarfe, a fitar da dogayen ɓari, a jera su bisa juna suna haɗuwa a kusurwa, wannan ya danne wancan. Ba ƙusa, ba ramin dirka, nauyinsa da karkacewarsa ke riƙe shi. Aikin tsagawar sunansa faskare a wurinmu, don haka nake ganin "shingen faskare". Aikin nan Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, ya yi da ƙuruciya, har aka yi masa kamfe da laƙabin mai faskaren shinge a zaɓen 1860.

Manomin Maraɗi:
Shingen faskare ya yi. Duk wanda ya ji ya san itace ne tsagagge, ba aguwa ko bini-da-zugu da muke dasawa a iyakar gona ba.

Ɗalibar:
Saura ɗaya. A nan akwai na duwatsu da manoman dā suka tsince daga gonaki suka jera ba laka ba siminti, tsayinsa bai cika wuce ƙugu ba. Katanga ta yi masa girma a ganina.

Malamin Hausa:
A sa "shingen dutse" tukuna. Amma a tambayi mutanen da ke zaune a kan duwatsu, irin na yankin Gwoza, masu jera dutse a gonakin tudu. Idan akwai sunan da ake kiransa da shi a Hausar kasuwarsu, shi ya fi cancanta mu ɗauka.