Wai a ɗora sabon DC (Domain Controller) kawai, Windows za ta yi sauran aikin?

Mai tambaya: Salamu alaikum. A ofishinmu saba (server) ɗaya ce ke riƙe da domen, wato tsarin da ya haɗa kwamfutoci da asusun ma'aikata, ita ke tantance suna da kalmar sirrin kowa. Windows Server 2008 R2 ce, wadda Microsoft ta daina yi wa faci, wato gyaran manhaja, tun 14 ga Janairu 2020. Yanzu oga ya sayo sabuwa mai Windows Server 2022. An ce mini in haɗa ta da domen, in mai da ita DC, wato sabar da ke riƙe da domen, shi ke nan. Haka ne?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Haka ne mana. Tun daga 2012 ba a wahalar yin adprep, umarnin shirya domen don sabon DC, da hannu. Muddin asusunka na cikin rukunin Schema Admins da Enterprise Admins, Windows za ta faɗaɗa tsarin bayanan da kanta. Na yi sau uku, ban yi gumi ba.

Tsohon hannu: Injiniya, ka ci sa'a ne. Malam, fara da tambayar yaushe aka kafa domen ɗin. Idan tun zamanin 2003 ne, akwai yiwuwar har yau da tsohuwar hanyar FRS ake kwafar SYSVOL, jakar fayilolin da duk DC ke rabawa. Daga 2019 zuwa sama ba sa karɓar FRS, kuma ga 2019 da 2022, matakin aiki (functional level) na domen da na fores, wato tarin domen, sai sun kai 2008. Ni na taɓa zama har Magariba a wani ofishi, janareta na shan mai, ina danna maɓalli ɗaya, tana mayar mini da saƙon ƙi iri ɗaya.

Injiniya: To ai nawa duk ba su yi haka ba.

Tsohon hannu: Don an kafa su a matakin 2008 ne, da DFSR, magajin FRS, suka tashi. Gadon 2003 kuwa sai an bi ta dfsrmig, umarnin ƙaura daga FRS zuwa DFSR: mataki na 1, na 2, sannan na 3. Tsakanin kowanne a jira umarnin getmigrationstate ya tabbatar an kai matakin. Na 3 ba ya komawa baya, don haka a ɗauki ajiyar (backup) System State tukuna.

Malama: Ku biyun kun tsaya a bakin ƙofa. Ni abin da na fi gani yana kayar da mutane shi ne DNS, mai fassara sunayen kwamfutoci zuwa adireshi. Katin sadarwar sabuwar sai ya nuna tsohuwar a matsayin DNS, ba 8.8.8.8 na Google ba. Sannan agogo: Kerberos, tsarin tantance masu shiga domen, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5, kuma tsohuwar sabar da batirin allonta ya mutu, da an ɗauke wuta sai lokacinta ya rikice.

Mai tambaya: Na duba, Malama. Matakinmu 2003 ne, FRS kuma na aiki. In na gama ƙaura zan iya kashe tsohuwar?

Malama: Kul! Muƙaman FSMO biyar, wato ayyuka na musamman da DC ɗaya kaɗai ke riƙe kowannensu, suna wuyanta. Duba da netdom query fsmo, ka mayar da su kan sabuwa, ka gyara adireshin DNS a DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ka ga umarnin bincike dcdiag da repadmin ba su kuka. Sannan a sauke ta bisa ƙa'ida, ba a zare mata wuta ba.

Injiniya: Na yarda da batun FRS. Amma sauke tsohuwa ban yarda ba. A koma DC ɗaya kuma? Gara tsohuwa da babu.

Tsohon hannu: Sabar da ta fi shekara biyar ba faci, tana riƙe da kalmomin sirrin ma'aikata? Lasisin Standard ya ba ka injin kama-da-wane (virtual machine) biyu, amma kan ƙarfe ɗaya, in ya mutu duka sun tafi. Ka roƙi oga inji na biyu, ko ƙarami ne.

Mai tambaya: Oga da ƙyar ya saki kuɗin wannan. Bari dai in fara da ajiyar, ranar Asabar in ɗaga matakin.